FARAUTAR ƘANANAN DUNIYOYI: AIKIN DA BA YA YIWUWA SAI DA SHAIDU

A cikin watan Satumba na shekarar 2025 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, watau NASA, ta ba da sanarwar cewa yawan duniyoyin da aka tabbatar suna kewaya waɗansu taurari, ban da wannan rana tamu, ya kai 6,000. Kafin shekarar 1992 babu ko guda ɗaya da aka tabbatar. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, in ban da 'yan kaɗan, babu wadda idon ɗan Adam ko madubin hangen nesa ya taɓa gani daga cikinsu. Ta hanyar awo da lissafi aka san da zamansu, kuma gwargwadon ƙanƙantar duniya, gwargwadon wuyar awon da sauƙin yin kuskure a cikinsa.

Ya kamata tun da farko mu raba tsakanin tauraro da duniya, domin a bakin jama'a duk abin da ke ƙyalli da dare tauraro ne. Tauraro na ainihi wata rana ce mai cin wutar kanta, nisa ne ya mai da ita ɗigo. Duniya kuwa ba ta da hasken kanta, aro take yi daga ranar da take kewayawa. Gamzaki da manomin Kurfi ke gani da asuba sa'ad da ya saɓa fartanya, da Zara da ake kira matar wata, abu guda ne, kuma duniya ce 'yar'uwar tamu, ita ce malamai ke kira Zuhura. Kaza da 'ya'yanta kuwa taurari ne na sosai. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, ko waɗancan ranaku ma suna da nasu duniyoyin, musamman ƙanana masu ƙasa da duwatsu irin wannan da muke takawa.

Dalilin da ya sa ba a ganinsu a fili yake. Hasken rana ya fi wanda duniyarmu ke mayarwa kamar sau miliyan dubu goma. Wanda ya tsaya a kan dutsen Dutsin-Ma da dare, babbar mota ta hasko shi daga nesa da cikakkiyar fitila, ba zai ga ƙyastawar ashana a gefen fitilar ba, balle a ce motar tana can wata ƙasa. Saboda haka sai masana suka bar neman duniyar, suka koma lura da abin da take yi wa tauraronta.

RANGAJIN TAURARO

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san yadda majajjawa take. Yaro na juya dutse, dutsen kuma na jan yaron, har ka ga jikinsa yana rangaji. In dutsen babba ne rangajin ya fito sosai, in tsakuwa ce sai mai lura ƙwarai zai gane. Haka tauraro yake da duniyarsa. Kowanne na jan ɗan'uwansa, sabili da haka tauraron ba ya zama wuri ɗaya, yakan ɗan matso wajenmu, sa'an nan ya ɗan ja baya, a kan lokaci ƙayyadadde.

To, yaya za a auna wannan daga nesa? Mai karatu ya tuna da motar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi tana busa ƙaho. Sa'ad da take tunkaro ka ƙarar takan yi siriri, da ta wuce sai ta yi kauri, alhali kuwa direba bai sake kome ba. Haske ma haka yake yi. In aka tsefe hasken tauraro da na'ura, zai bazu launi-launi kamar bakan gizo, da waɗansu siraran baƙaƙen layuka dubbai a cikinsa. Idan tauraron na matsowa layukan sukan gusa wajen shuɗi, idan yana ja da baya su gusa wajen ja. Daga wannan gushin ake fitar da saurinsa, daga saurin kuma a fitar da mafi ƙarancin nauyin da duniyar za ta iya yi.

Da wannan dabara ne waɗansu masana biyu na Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan, Michel Mayor da almajirinsa Didier Queloz, suka gano duniya ta farko a kewayen tauraro mai kama da rana cikin 1995, suna aiki a wata cibiyar duba taurari a kudancin Faransa. Tauraron shi ne ake kira 51 Pegasi. Duniyar ƙatuwa ce, kusan rabin nauyin Mushtari, tana gama kewayenta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i, tana kuma jan tauraron da saurin da ya kai kamar kilomita 200 a sa'a. An ba su lambar Nobel a 2019.

Amma wannan babban dutse ne a cikin majajjawa. Mushtari, wadda ta fi duniyarmu nauyi sau 318, tana sa rana rangaji na kimanin mita 12 da rabi a daƙiƙa, watau gudun babur a cikin gari. Duniyarmu kuwa abin da take iya yi wa rana bai wuce santimita 9 a daƙiƙa ba, tafiyar kunkuru ke nan, kuma sai shekara ta zagayo sa'an nan rangajin ya cika sau ɗaya. Wannan tafiyar kunkuru ce ake so a auna a jikin wata rana wadda haskenta ke shekaru a hanya kafin ya iso mu.

An ƙera na'urori domin wannan aiki musamman. Akwai HARPS, wadda aka kafa a La Silla cikin ƙasar Chile a 2003, aka rufe ta cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, aka tsare zafinta kada ya motsa, har ta iya auna saurin mita ɗaya a daƙiƙa, kamar tafiyar dattijo zuwa masallaci. A 2018 wata mai suna ESPRESSO ta fara aiki a dutsen Paranal, a Chile ɗin dai, da nufin kaiwa santimita 10. Sai dai a nan aka ci karo da abin da gyaran na'ura ba ya magani. Fuskar tauraro ba lafiyayya ba ce, tafasa take yi kamar tukunyar kunu, ga kuma baƙaƙen tabo da ke fitowa su juya tare da shi su ɓace. Wannan hargitsi kaɗai yakan haifar da gushin da ya fi na ƙaramar duniya sau da yawa, har ma yakan zo a kan lokaci kamar na duniya mai kewayawa.

SHAIDAR DA AKA KARƁA DA WADDA AKA MAYAR

Jama'armu ba baƙi ba ne ga irin wannan matsala. Duk shekara in Sha'aban ya kai 29 mutane sukan fita duban jinjirin wata, kuma kowa ya san mutum mai gaskiya, wanda ba ya ƙarya, yana iya rantsuwa ya gani alhali gefen gajimare ya gani. Shi ya sa labari ke bi ta hannun hakimai da sarakuna, kwamitin ganin wata ya tantance, kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Tarihin neman ƙananan duniyoyi cike yake da masu gaskiyar da idonsu ya yaudare su.

Babu inda wannan ya fito kamar a kan tauraron Barnard, wani ɗan ƙaramin jan tauraro da haske ke shekara shida kafin ya zo mana daga gare shi, wanda duk da kusancinsa ba a ganinsa da ido. Wani masani a Amurka mai suna Peter van de Kamp ya yi shekaru tun daga 1938 yana ɗaukar hotonsa, dubban hotuna, a 1963 ya ce ya ga yana karkacewa daga hanyarsa sabili da wata ƙatuwar duniya. Littattafan makaranta suka ɗauka. Sai a 1973 waɗansu suka sake awo da wani madubi dabam ba su ga kome ba, aka kuma lura cewa waɗansu taurarin da aka ɗauka da madubinsa su ma suna yin irin wannan karkacewa a lokaci guda. Ashe gyare-gyaren da aka yi wa gilashin madubin ne suka gusar da hotunan. Mutumin ya rasu a 1995 bai janye maganarsa ba.

A 2018 aka sake cewa an sami wata duniya a wurin, mai nauyin duniyarmu sau uku, mai kewayen kwana 233. Cikin 2021 ita ma aka mayar da shaidarta, aka nuna hargitsin tauraron ne. Sai a watan Oktoba na 2024, bayan an yi shekaru ana awo da ESPRESSO, aka ba da labarin wata 'yar ƙarama wadda ba ta kai rabin nauyin duniyarmu ba, mai kewayen kwana uku da ɗoriya, tana jan tauraron da kimanin rabin mita a daƙiƙa. Wannan karon shaida ta biyu ta zo daga wata na'ura dabam, a wani dutse dabam, a tsibirin Hawaii, inda masanan Jami'ar Chicago suka tabbatar a watan Maris na 2025 cewa duniyoyi huɗu ne, dukkansu ƙanana, dukkansu kuma sun matsa kusa da tauraron ƙwarai har zafi ba zai bar ruwa ya kwanta a kansu ba. Shekara 62 ke nan tsakanin iƙirarin farko da tabbatawa, kuma abin da aka samu bai yi kama da abin da van de Kamp ya faɗa ba ko kaɗan.

Haka aka yi da Alpha Centauri, maƙwabcinmu. A 2012 aka yi shelar duniya mai nauyi kamar tamu a kewayen ɗaya daga taurarinsa, jaridun duniya suka cika da labari, a 2015 masanan Jami'ar Oxford suka nuna cewa tsarin ranakun da aka yi awon ne ya haifar da alamar. A ganina waɗannan janye-janyen su ne abin da ya sa adadin 6,000 ɗin ya cancanci a yarda da shi, domin kuwa akwai waɗansu dubbai da ke jiran tantancewa waɗanda ba a sa su cikin lissafi ba.

Wani abin sha'awa kuma, ƙananan duniyoyi na farko da aka tabbatar ba a kewayen rana mai rai aka same su ba. A 1992 Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka same su a kewayen gawar wani tauraro da ya fashe, irin wanda ke juyawa da tsananin sauri yana aiko da bugun rediyo kamar agogo, shi wannan sau 161 a daƙiƙa. Bugun yakan ɗan yi gaggawa, ya ɗan yi jinkiri, daga nan aka lissafa duniyoyi biyu masu nauyin tamu kamar sau huɗu, daga baya aka ƙara ta uku wadda ba ta fi wata nauyi sosai ba. Nijeriya tana da ɗan hannu a tushen wannan fanni. Marigayi Farfesa Samuel Okoye na Jami'ar Nsukka, sa'ad da yake ɗalibi a Kambirij ta Ingila, shi da malaminsa Antony Hewish sun ba da rahoto a 1965 a kan wani baƙon tushen rediyo a cikin ragowar wani fasasshen tauraro, wanda daga baya aka gane irin wannan gawa ce mai bugu.

GIFTAWA

Hanya ta biyu ita ce ta fi kawo yawa, kuma ta fi sauƙin fahimta ga duk wanda ya ga husufin rana. In duniya ta gifta tsakaninmu da tauraronta, haskensa yakan ɗan ragu na 'yan sa'o'i sa'an nan ya komo. Mushtari za ta rage hasken rana da kashi ɗaya cikin ɗari. Duniyarmu kuwa kashi 84 cikin miliyan, watau kamar a kunna fitilu 12,000 a fili guda, ɗaya ta mutu na sa'a 13, sau ɗaya a shekara, a ce wani daga nesa ya gane. Bugu da ƙari sai hanyar duniyar ta daidaita da idonmu, abin da ga duniya irin tamu bai wuce sau ɗaya cikin 200 ba. Maganin wannan shi ne a zuba wa taurari masu yawa ido gaba ɗaya. Kumbon Kepler, wanda aka harba a watan Maris na 2009, ya yi shekara huɗu yana kallon taurari kimanin 150,000 a yanki guda na sama, kuma kafin man sa ya ƙare a 2018 ya tara abin da aka tabbatar da duniyoyi fiye da 2,600 daga cikinsa. Ɗaya daga ciki, Kepler-37b, kaɗan ta fi wata girma.

Giftawa girman duniya take nunawa, rangaji kuwa nauyinta. Sai an haɗa biyun ake sanin ko dutse ce ko tarin iska, kamar yadda mai awo a kasuwa ke bambanta buhun gero da buhun ƙaiƙayi ko da girmansu ɗaya. A nan ma akwai masu shaidar zur, domin taurari biyu masu yi wa juna husufi a can baya suna iya kwaikwayon giftawar ƙaramar duniya.

Dabarar da ta fi amfani a 'yan shekarun nan ita ce a nemi ƙananan jajayen taurari, tun da ƙaramin yaro ya fi rangaji da tsakuwa, ƙaramar fitila kuma ta fi nuna inuwar ƙwaro. Ta haka ne a 2016 aka gano duniyar Proxima, tauraro mafi kusa da rana, mai nauyi kaɗan fiye da tamu da kewayen kwana 11. Ta haka ne kuma Michaël Gillon na Jami'ar Liège ta Beljiyam da abokan aikinsa suka gano duniyoyin TRAPPIST-1, uku a 2016, suka cika bakwai a 2017, dukkansu kusan girman tamu, a nisan tafiyar haske ta shekara 40. Mai karatu ya lura da wannan: madubin da aka fara gano su da shi faɗinsa santimita 60 ne kacal, kuma tagwayensa yana nan Afirka, a kan duwatsun Atlas na Maroko. Kumbon James Webb da aka harba a ƙarshen 2021 ya auna zafin ta kusa da tauraron, a 2023 aka ba da rahoton cewa da alama ba ta da iska mai kauri. Har yanzu dai ba a tabbatar da tagwayen duniyarmu ba, watau mai girmanta da nauyinta, mai kewayen shekara guda a gefen rana irin tamu.

INA RABONMU?

Ƙasar Katsina ba ta rasa gado a ilmin sama ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya yi suna a Masar a kan lissafi da ilmin taurari, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin tsara lambobi cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har gobe akwai malamai a ƙauyukanmu da ke riƙe da lissafin manzilai 28, kusan kowanne da kwana 13, manoma na tambayarsu ko Ɗarfa ta shiga, ko Jabha ta kusa, kafin su san irin ruwan da za su sa rai da shi. Wannan lissafi ne na mutanen da suka iya lura da haƙuri, ko da yake manufarsa dabam ce.

A 2019, sa'ad da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta cika shekara 100, ta ba ƙasashe dama kowace ta raɗa wa tauraro guda da duniyarsa suna. Nijeriya aka ba ta HD 43197, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 200, a yankin sama da tauraron Shi'ira yake. Aka sa wa tauraron Amadioha, daga al'adun Ibo, duniyar kuma Equiano, sunan marubucin nan da ya yi yaƙi da cinikin bayi a ƙarni na 18. Na'urar HARPS ce ta gano ta, ƙatuwa ce mai fiye da rabin nauyin Mushtari. Raɗin suna abin farin ciki ne, amma wanda ya raɗa wa ɗan wani suna bai zama uban ɗan ba.

Abin da ya kamata hukumomin ilmi na jiha su sani shi ne, rabin wannan aiki yanzu ba ya bukatar madubi. Kumbon TESS da aka harba a watan Afrilu na 2018 yana auna hasken taurari a kusan dukkan sama, kuma ana zuba awon a intanet kyauta ga duk mai so, haka ma na Kepler. Wani ɗan makarantar sakandare mai shekara 17 da ya je koyon aiki a wata cibiyar NASA a 2019 ya tsinci wata duniya mai kewaya taurari biyu a cikin irin wannan awo, kwana uku da fara aikinsa. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita mai horar da malamai. Ɗalibin lissafi ko na kimiyyar fiziks da ke da kwamfuta, da wutar da za ta riƙe ta, da malamin da zai nuna masa yadda ake raba alamar gaskiya da ta ƙarya, yana iya rubuta kundinsa na digiri a kan hasken tauraro guda, kuma abin da zai koya na tantance ƙaramar alama cikin hargitsi shi ne dai ake bukata wajen hasashen damina ko auna ruwan madatsar Zobe.

Duban sama da madubi kuwa yana da nasa cikas a nan, bai kamata a ɓoye ba. Ƙurar hunturu takan dushe taurari daga Disamba zuwa Fabrairu, gajimaren damina ya rufe su daga Yuni zuwa Satumba, abin da ya rage mai kyau shi ne 'yan makonnin kaka bayan ɗaukewar ruwa. Ga kuma matsalar tsaro ta shekarun nan, wadda ta sa kwana a fili a bayan gari ya zama kasada a wurare da dama na wannan yanki, alhali can ne duhun da mai duba taurari ke nema yake. Duk da haka matsayinmu a doron ƙasa yana da wata fa'ida da Turai ba ta da ita. Da yake Dutsin-Ma da Kurfi suna kimanin digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, muna ganin dukkan saman arewa da mafi yawan na kudu. A cikin watan Mayu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wanda ya fuskanci kudu sosai daga inda babu gini zai ga taurari biyu masu haske suna jere ƙasa-ƙasa, kamar tsawon taƙi ɗaya na hannu a miƙe daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Na hagun, wanda ya fi haske, shi ne Alpha Centauri, kuma Proxima da duniyarta suna ɗan ƙasa da shi, sai dai ita sai da madubi.